Eriya ta faɗi: faranti za mu saya ko waya za mu sake ɗaurawa?

Nura (Sakatare): Assalamu alaikum jama'a. Ga abin da aka tattauna a zaman ƙungiyarmu ta 'yan rediyon sha'awa na daren Juma'a a istiraha, gidan hutun da muke hayar ɗaki a ciki, don waɗanda ba su samu zuwa ba. Mutum 11 suka halarta. Iskar nan mai ƙura ta ranar Talata ta karya bututun da ke riƙe da eriyarmu ta zangon rediyo na mita 20, ta faɗo kan tankin ruwa. Ni da Abdulmajid muka hau muka duba, ashe karyewar bututu ita ce ƙaramar magana. Da muka kwance mahaɗin kebul sai muka tarar cikinsa kore shar kamar an zuba miyar kuka, gishirin iskar Jidda ya gama da shi. Muka yanke kamu guda, muka sake yanke wani, har can ciki tagullar ta yi baƙi. Wannan ne ya sa tun bayan Sallah na'ura take rage ƙarfi da kanta, mu kuma muna ta ɗora wa yanayi laifi. Ma'aji ya ce akwai riyal 4,300 a asusu. Ra'ayi ya rabu biyu: ko a sabunta eriyar gajeren zango baki ɗaya, ko a haɗa tashar tauraron ɗan'adam na QO-100 mai aiki da faranti irin na talabijin. Ba a cimma matsaya ba har aka kira Asuba. Bismillah, kowa ya faɗi nasa, amma da ladabi.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin muhawara ba. Rufin ɗakinka ya yaye, sai ka tafi kasuwa sayen madubi? A gyara eriya.

Abdulmajid: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ba cewa na yi a bar gajeren zango ba. Amma ku duba inda muke. Duk layin nan kwandishan ne da fitilun LED da cajar waya ta riyal 5, ƙararsu a mita 40 ta rufe komai, allurar da ke auna ƙarfin sigina a na'ura ba ta sauka ƙasa da 8. Ko sabuwar eriya muka ɗaura, wannan ƙarar tana nan daram. Shi kuwa QO-100 yana kan tauraron Es'hail-2 na Ƙatar da aka harba a Nuwamba 2018, yana tsaye wuri ɗaya a sama, wajen digiri 26 gabas, kusan daidai inda taurarin talabijin na Badr suke. Ma'ana duk farantin da ke saman benen Karantina da Sabil wanda ake kallon tashoshin Badr da shi, dama can yana fuskantarsa. Ana aikawa a mitar giga (gigahertz) 2.4, ana saurare a giga 10, kuma yana rufe tun daga gabashin Barazil har Tailan, Afirka duka tana ciki. Kano, Zinder, Maiduguri, dare da rana, ba jiran yanayi.

Baba Alhaji: To ɗana, meye bambancinsa da jawwal, wayar hannu? Ka aika murya wurin na'urar wani, ita ta maimaita maka. Ranar da masu shi suka kashe, ko ya mutu, sai ka zauna da farantinka kana shanya kuɓewa a ciki. Zanen aro ba ya rufe katara. Ni da waya mai tsawon mita 10, mita 5 kowane ɓangare, da wat 100, na yi magana da Kaduna, sama da kilomita 3,000, babu na'urar kowa tsakanina da mutumin sai sararin da Allah ya shimfiɗa. Abin da ya sa muka shiga wannan harka ke nan.

Garba Direba: Shanya kuɓewa! Baba Allah ya bar mana ku.

Abdulmajid: Baba, yaushe rabon da ku ji wani mai alamar kira ta 5N, wato ta Najeriya, yana Hausa a mita 20? Tsakani da Allah.

Baba Alhaji: Bara, sau biyu.

Abdulmajid: Ni ma abin da nake faɗa ke nan.

Baba Alhaji: Sau biyun nan sun fi min ɗari a faranti. Bari in ba ka labari tunda ka tono. Lokacin da muka zo ƙasar nan muna Misfala a Makka, mahaifina yana da wata rediyo mai rigar fata, kullum bayan Isha sai ya ja eriya ya jingina ta da taga, yana murɗawa a hankali yana neman Kaduna a mita 49. Wata rana ta shigo, wata rana sai shuuu kamar ana soya gyaɗa. In ta shigo, duk gidan shiru, har maƙwabta su leƙo. BBC Hausa da ta fara a 1957 ita ce mai sauƙin kamu, amma Kaduna ita ce gida. Wannan jiran, da murnar da ke biyo bayansa, su ne rediyo. Rana tana da zagayenta na shekara 11, in tabonta ya yi yawa mita 10 ta buɗe ka ji Japan kamar a bayan gida, in ya ragu ka yi haƙuri ka koma ƙasa. Ka koyi lokacin da Turai ke shigowa, da lokacin da Afirka ta Yamma ke buɗewa gab da faɗuwar rana. Ilimi ne. Sarki Husaini na Jodan ma, da duk abin da Allah ya ba shi, da alamar JY1 ya riƙa zama yana kira kamar kowa. Ku kuma yanzu kun koma FT8, kwamfuta na gaida kwamfuta duk daƙiƙa 15, mai ita yana can yana cin kabsa.

Malam Idi (Ma'aji): Kafin a ci gaba da raba gadon da ba a tara ba, bari in karanta muku lissafi. Riyal 4,300 ɗin nan ba duka ne na kashewa ba. Hayar ɗaki 500 ce duk wata, kuma mai istiraha yana bin mu wata 2. Ga tankinsa da eriyarmu ta fasa, ya ce gyara 300. Saura 3,000 ke nan. Mu 19 ne a rajista, kuɗin wata riyal 50 ne kacal, amma waɗanda ke biya ba fashi ba su wuce 8 ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin Ramadan, kuma shi ne ya fi kowa cika kofi da gahawa ranar Juma'a. Ba zan kira suna ba.

Garba Direba: Malam Idi ai ka kira. Kowa ya san wanda ke zama kusa da tulun gahawa. Zan kawo na wata 3 in an biya mu albashi, wallahi.

Malam Idi (Ma'aji): Wata 5 ne, Garba.

Malama Safiya: Salamu alaikum iyayena da ƙannena. Ina karantawa tun ɗazu. Baba, ku gafarce ni, amma akwai abin da ba a taɓo ba. Su wa za su gaji wannan ƙungiya? In ka cire Abdulmajid da Bashir, ƙaraminmu ya haura 40. A Mayun 2023, da Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni suka tafi tashar sararin samaniya, sun yi magana da ɗalibai ta rediyon sha'awa, wannan dai da muke yi. 'Yan matan ajina sun yi sati ba su da zance sai wannan. Mace ta farko daga ƙasar nan da ta je sama, haifaffiyar Jidda, ga kuma sunan Barnawi, wanda duk mun san daga Barno kalmar ta fito. Wata yarinya ta tambaye ni, "Abla, da gaske da ƙaramar rediyo ake jin su?" Na ce da gaske, a mega 145.800 in tashar tana wucewa ta samanmu. Idonta kamar zai faɗo. Da zan ce mata ta zo ta zauna awa 3 tana sauraron shuuu ko Allah zai kawo Kaduna, ba za ta dawo ba.

Baba Alhaji: 'Yata, wadda ba za ta iya jiran awa 3 ba, ba za ta daɗe ba ko da me kika jawo ta.

Malama Safiya: Baba ai ku ma ba jira ne ya jawo ku ba, muryar Kaduna ce. Jiran daga baya kuka koya.

Nura (Sakatare): To fa.

Baba Alhaji: Na ji wannan. Ci gaba.

Malama Safiya: Kuma ba sai an kashe dubbai ba kafin a nuna wa yara tauraro. Akwai SO-50, wanda a Riyad aka ƙera shi, aka harba a Disamba 2002, har yau yana aiki, ya girmi yaran da za mu nuna wa. Ana shiga a 145.850, ana saurare a 436.795, yana wucewa cikin minti 10 zuwa 15. Eriyar hannu ce kawai, wadda ake yi da tef ɗin awo na magina da bututun roba. Mai lasisi ya riƙe na'ura, yaro ya riƙe eriya yana bin tauraro daga wannan kusurwa zuwa waccan, wani yana murɗa mita kaɗan-kaɗan saboda tana zamewa yayin da tauraron ke matsowa da kuma wucewa. Ƙarshen mako na uku na Oktoba akwai taron 'yan sikawut na duniya ta iska, me zai hana mu shirya tun yanzu?

Bashir: Anti ni ina da oba-oba, Baofeng, guda 2 ma. Jiya da daddare na gwada da abokina daga Sabil zuwa Gulail, tar muke jin juna.

Nura (Sakatare): Bashir. A wace mita?

Bashir: Wadda ta zo a ciki ne Yaya, lamba 3.

Nura (Sakatare): Innalillahi. Wato ba ka ma san inda ka yi magana ba. Waɗannan lambobin da ke zuwa a ciki na gwajin masana'anta ne, ba na 'yan rediyon sha'awa ba. Namu a mita 2 daga 144 ne zuwa 146. Na'urar nan kuwa tana fita nesa da nan, tana kaiwa har inda jiragen ruwa ke magana a 156, kai kuma ga ka a gindin tashar jiragen ruwa. Ba ka da lasisi, ba ka da alamar kira. Hukumar sadarwa ta CST ba ta wasa da wannan, kuma gano inda sigina ke fitowa ba wuya ba ne, mu kanmu muna yi don wasa. In aka ƙwanƙwasa ƙofarku ba kai kaɗai za a tambaya ba, har da iƙamar babanka, sannan a ce yaron ƙungiyar su wane ne.

Malam Idi (Ma'aji): Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon har mu zai jiƙa.

Bashir: Wallahi ban sani ba. Na ga ana sayarwa ne kamar kowane kaya.

Baba Alhaji: Kada a yi masa ca. Dukkanmu mun yi wauta, ni na taɓa kunna na'ura ba eriya na ƙona ta, kuɗin wata 4 na tara kafin na gyara. Bashir, ka kawo min su biyun ranar Juma'a in ajiye. Za ka fara da saurare da rubuta abin da ka ji a littafi: lokaci da agogon UTC, wato ka cire awa 3 daga namu, da mita, da alamar kira. In ka cika shafi 10 zan zauna da kai mu yi karatun jarrabawa. Har Mos, saƙon ɗigo da layi, zan koya maka in kana so, ko da yake tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta shi.

Bashir: To Baba. Na gode. Zan kawo.

Kawu Usman: Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, kun sani. Ni ra'ayina yana tare da faranti, amma dalilina daban. Mutanenmu suna Mai Wurno da Sinja da Gadarif. Tun da aka fara yaƙi ranar 15 ga Afrilu 2023 ban yi barci mai daɗi ba. A Fabrairun 2024 aka ɗauke layukan waya da intanet kusan ko'ina, na yi makonni ban san ko tsohuwata tana raye ba. Daga baya sai dai ƙanena ya yi tafiya zuwa inda wani ya kafa Starlink, ya biya kuɗin awa, ya turo min saƙon murya na minti ɗaya. Ina zaune a ɗakin ƙungiya ina kallon na'urar da ke kai murya Barazil, amma ba ta kai ta bakin Shuɗin Nilu. Shi ne nake tunani, da za mu haɗa ƙaramar tasha, faranti da batir da sola, a aika can ta Bur Sudan, ko da sau ɗaya a sati a ji lafiyar mutane.

Garba Direba: Allah sarki Kawu. Allah ya kawo ƙarshen wannan masifa.

Malama Safiya: Amin ya Rabbi. Yaya jikin Inna yanzu?

Kawu Usman: Da sauƙi, tana Gadarif wurin ƙanwata. Ƙafa ce dai.

Nura (Sakatare): Kawu, wallahi na fahimce ku, kuma ba na son in zama mai kawo doka a kan ciwon mutum. Amma dole in faɗa. Wanda zai riƙe tashar can sai yana da lasisin Sudan da alamar ST, ba mu ne za mu ba shi ba. Isar da saƙon wasu mutane tsakanin ƙasa da ƙasa kuma, a ƙa'idar duniya, sai a halin gaggawa ko bala'i, kuma hukumomi ne ke da ta cewa. Bayan haka duk abin da aka faɗa a QO-100 rabin duniya na ji, ba a yarda da ɓoye magana ba, akwai ma masu saurare ta intanet. Kun ce wance tana gari kaza, kowa ya ji. Abin da ya fi tsorata ni shi ne wanda za a gani da faranti da makirfo a bayan gida a garin da ake yaƙi. Wa zai tsaya ya saurari bayaninsa cewa sha'awa ce?

Baba Alhaji: Usman, yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Kada mu je neman jin lafiyarsu mu ja musu abin da ya fi rashin ji.

Kawu Usman: Na sani, Yaya. A raina na sani tun kafin in rubuta. Kawai dai in ka ga abu a gabanka yana aiki, sai zuciya ta riƙa raya maka. Kwanan baya da zafi ya yi zafi, ina mota a bakin teku sai ga wata tashar FM ta tsallake ta shigo tar, lafazin mutanenmu, na tsaya gefen titi har ta ɓace. Bur Sudan ba ta kai kilomita 300 daga nan ba.

Abdulmajid: Haka tekun nan yake yi da bazara Kawu, iska mai zafi ta kwanta kan mai sanyi sai sigina ta bi tsakaninsu kamar cikin bututu. Amma in an zauna lafiya, 'yan ST za su dawo iska, kuma ranar da suka dawo ina so a ce muna da abin da za mu amsa musu da shi.

Baba Alhaji: Mita 40 ta isa ta kai ka Sinnar da daddare.

Abdulmajid: In kwandishan ɗin maƙwabta ya yarda.

Malam Idi (Ma'aji): Kun dawo gidan jiya. Abdulmajid, faɗa min cikin riyal, ban da turanci.

Abdulmajid: Dayyib. Saurare kusan kyauta ne. Akwai tsohon faranti mai santimita 90 a saman gidanmu, da kan da ke gabansa, irin na talabijin. Ina da ƙaramar na'urar RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta. Kan farantin yana sauko da giga 10 zuwa wajen mega 739, daga nan kwamfuta ta ɗauka. Matsalarsa ɗaya, in rana ta dake shi sai mita ta riƙa yawo, murya ta koma kamar ta agwagwa, amma akwai manhajar da ke kama siginar alamar tauraron ta daidaita. Aikawa ce mai cin kuɗi, don sai an sayi abin da zai ɗaga sigina zuwa giga 2.4 da ɗan amfilifaya. Wat kaɗan ya isa, ba a ma so ka fi siginar alamar ƙarfi. A lissafina 2,500 za ta yi.

Malam Idi (Ma'aji): Wato a bar mu da 500 da eriya a ƙasa.

Baba Alhaji: Wa ya ce sai an sayi eriya? Ku 'yan zamani komai sai an yi oda. Ina da nadin wayar tagulla tun ta aikin wani gini. A yanka mita 10 don mita 20, a yanka mita 20 da ɗan ɗori don mita 40, a haɗa su a mahaɗi ɗaya, a bar ɗan rara a kowane baki don a riƙa datsewa ana aunawa. Abin da za a saya kebul ne mai kyau da mahaɗai da bututu mai kauri. Kuma wannan karon a naɗe mahaɗin da tef ɗin roba mai manne kansa, a lanƙwasa kebul ƙasa kafin ya shiga bango don raɓa ta ɗige. Wanda ya ɗaura na farko salatif ya naɗa.

Garba Direba: Ni ne Baba. Shi na samu a mota.

Nura (Sakatare): Garba yau ranarka ce.

Malama Safiya: To ai magana ta zo da sauƙi. A ɗaura wayar Baba, a kafa farantin Abdulmajid na saurare. A yi wata 2 ana jin duka biyun, a rubuta a littafi tasha nawa ta Afirka aka ji a kowanne. Bashir ga aikinka ya samu.

Baba Alhaji: Na yarda da sharaɗi ɗaya. Kada a taɓa 2,500 ɗin nan sai an sake zama. Kuma a littafin a ware wanda aka yi magana da baki da wanda kwamfuta ta yi.

Abdulmajid: Na yarda. Amma in aka ji Hausa a faranti kafin a ji a waya, Baba ne zai fara amsa sallama ranar da muka haɗa na aikawa.

Baba Alhaji: Sai mun gani. Wai har muryarka kake ji tana dawo maka a makare?

Abdulmajid: Da kusan rubu'in daƙiƙa. Kilomita dubu 36 ne zuwa, dubu 36 dawowa.

Baba Alhaji: Mutum ya biya 2,500 don ya ji kansa. To.

Kawu Usman: Ni zan kawo jabana da citta, a huta da gahawar Garba. Malam Idi ka rubuta min riyal 200 gudummawar kebul.

Malam Idi (Ma'aji): Allah ya saka da alheri Kawu, na rubuta. Gobe zan kai wa mai istiraha 1,300. Sauran masu bashi zan bi ku ɗaya-ɗaya ta jawwal, kada wanda ya ce bai gani ba. Akwai kuma katunan QSL, na shaidar an yi magana da tasha, kusan 60 a cikin kwali da ba a amsa ba tun bara, har da na wani Bajamushe da ya aiko sau 2. Abin kunya ne.

Nura (Sakatare): Za a raba su ranar Juma'a kowa ya cika 5. To ga yadda aka tsaya: aiki bayan La'asar in rana ta yi sanyi, kada kowa ya hau sama shi kaɗai, kuma a kula da wayar wutar da ta bi ta gefen katanga, bututun kada ya kusance ta. Baba zai kawo waya da na'urar awo, Abdulmajid faranti, ni kebul da mahaɗai. Wa ke da tsani?

Garba Direba: Yana wurina, amma mataki na uku ya karye.

Nura (Sakatare): Tun yaushe?

Garba Direba: Tun ranar salatif.

Bashir: Akwai na babana na alminiyam, zan tambaye shi. Yaya Nura, in zo da littafin da kaina ko akwai a can?

Nura (Sakatare): Zo da naka, mai layi. Da oba-oban duka biyu, har da ta abokin.